Zarami Andadan da Ƙwan Zabi Biyu

Duk wanda ya zauna a unguwar Yerimaram a ƙarshen zamanin Turawa ya san Zarami Andadan. In ka ce Zarami kawai, sai a tambaye ka wanne, don akwai mai gyaran keke, akwai kuma na bakin rijiya. Amma da ka ƙara Andadan za a nuna maka gidan da darbejiya ta yi wa ƙofa inuwa. Baƙi kan ɗauka sunan wani ƙauyen Karekare ne, ko wata tsohuwar sarautar Bolewa. Ko ɗaya. Kalmar Turanci ce, masu ita suna rubuta ta underdone, bakin mutanen Potiskum ya tauna ta ya mai da ita andadan. Saura ƙiris ta raba mutumin da matar da yake so, daga baya kuma ita ce ta ba shi matar.

Zarami ɗan mahauci ne. Ubansa Babarbare ne da ya zo daga gabas ya kafa tukubar tsire a gefen kara, inda ake cinikin shanu, uwarsa kuwa 'yar Ngizim ce. Ya tashi da harshe uku a baki, Hausa ce ta ukun, kuma da ita ake neman abinci. Bai yi tsawo ba, bai yi jiki ba, magana ma sai ta kama dole. Abu guda Allah ya ba shi, shi ne ɗanɗano. In ya ɗora tsoka a kan harshe zai gaya maka ko gishiri ya ji, ko wuta ta ratsa, ko saniyar ta tsufa. Ubansa kan ce yaron nan ba ya ji da kunne, da baki yake ji.

Shekarar da cutar bushiya ta shiga garken shanu, gwamnati ta turo wani Baturen dabbobi ya zauna a bariki. Fulani suka sa masa suna Mai Allura, sunan ya bi shi har ya bar ƙasar. Kukunsa wani dattijo ne ɗan kudu, ya gaji, yana son ya koma garinsu ya mutu cikin danginsa. A tukubar su Zarami yake sayen nama, a nan ya ga hannun saurayin, ya ja shi kicin. Ya koya masa gasa burodi cikin garwa, da miyar Turawa wadda ba ta san yaji ba, da yadda ake sa kaza ɗungurungum a tukunyar ƙarfe, garwashi a ƙasa garwashi a kan murfi. Dattijon da agogo yake aiki. Zarami bai san agogo ba, nasa agogon harshensa ne. Kafin ya sauke kaza sai ya tsinko ɗan zaren nama daga ƙarƙashin cinya, kusa da ƙashi, ya tauna. Kowa ya san yana yi, har Baturen, don aikin kuku ne. Tunda dattijon ya tafi ya bar masa kicin, ba a taɓa mai do masa da faranti ba.

Shi Mai Allura mutumin kirki ne daidai gwargwado, sai dai Hausarsa abin tausayi. Yana koyo da ƙarfinsa, amma duk kalmar da ya kama sai ya datse mata wutsiya. An gama ta zama an gam, madalla ta zama madal. Ma'aikatan gidan suka saba, in ya faɗi rabi su ƙarasa masa sauran a zuciyarsu. Ku riƙe wannan, a nan gizon yake saƙa.

A tashar mota, inda manyan motocin Jos da Kano ke yada zango kafin su miƙa Maiduguri, akwai wata mai tuyar ƙosai, sunanta Baraka. Bazawara ce, mijinta ya rasu ya bar ta ba ɗa. Ba ta cikin matan da ake juyowa a sake kallo, amma in ta dube ka ta yi maka tambaya, sai ka ji ƙarya ta maƙale maka a wuya. Zarami ya yi ta sayen ƙosan da ba ya bukata har 'yan tasha suka gane, suka fara yi masa tsiya wai kukun Bature guda yana karin kumallo a bakin titi. Da ƙyar ya iya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa. Ta ce ita ba ta da ta cewa, ya je ya ga baffanta.

Baffan nata shi ne Malam Kaumi, na'ibin limamin masallacin unguwa, tsoho mai tsantseni wanda ƙafarsa ba ta taɓa taka bariki ba. Abin bai kwanta masa ba. Namiji mai girki, girkin ma na Nasara. Ya titsiye Zarami a zaure da tambayoyi, ko yana taɓa giya, ko ana dafa abin da Allah ya hana, ko ana barinsa ya yi salla a kan lokaci. Zarami ya amsa ɗaya bayan ɗaya, kansa a ƙasa. A ƙarshe Malam ya ce, "To, ga azumi nan tafe. Kai za ka wuni a kan tukunya, mutane suna wuni da yunwa. Zan dube ka. In aka sha ruwa lafiya, bayan Salla sai a yi magana."

Azumin shekarar a tsakiyar damina ya faɗo, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama ta Asiya. Ruwa ya yi ta zuba, itacen da aka jibge a bayan kicin ya jiƙe sharkaf, wuta ba ta komai sai hayaƙi. Bature kuwa cikinsa bai san an ga wata ba, rana na tsaka zai dawo ya zauna a tebur. Zarami ya ɗaure harshensa tamau. Ya ji malamai na cewa in mai girki ya ɗanɗana ya tofar azuminsa na nan, amma shi bai yarda ko cokali ya je kusa da leɓensa ba. Ga Allah yana gani, ga kuma Malam Kaumi ya ce zai duba.

Rannan kaza ya sa. Da ya ɗaga murfi ya gan ta ta yi ja, ƙamshi har bakin hanya. Hannunsa ya nufi cinyar da kansa saboda sabo, ya yi maza ya janye shi. Ya dube ta ta nan, ya dube ta ta can, ido ya ce masa ta yi. Ya ɗora a faranti ya miƙa wa Bakari.

Bakari shi ne mai wanki da guga na gidan, shi ke kai abinci tebur kuma. Magidanci ne, har da furfura a gemu, kuma ba mugu ba ne, sai dai bakinsa kwando ne, ba abin da ke zama a ciki. Hausarsa ta Barebari ce tsantsa, in zai ce ɗaki sai ya ce daki, in zai ce ɗanɗana sai ya ce dandana. Ba a jima ba ya dawo kicin ya ce Bature na kira.

Zarami ya shiga ya rusuna. Mai Allura ya yanke cinyar ya ture ta gefe, yana nuna ta da cokali mai yatsu. Ya girgiza kai ya ce, "Zarami, wannan kaza, andadan."

Shi dai Zarami abin da kunnensa ya ji shi ne an ɗanɗan, zuciyarsa kuwa ta ƙarasa wutsiyar kamar yadda aka saba. An ɗanɗana. Ga shi kuma cinya ake nunawa, daidai inda ya saba tsinka.

"Ranka ya daɗe, wallahi ban ɗanɗana ba. Ina azumi."

Bature ya ji kamar an maimaita kalmarsa, sai ya gyaɗa kai. "I, i. Andadan. Ba kyau."

"Ban taɓa ta ba, ranka ya daɗe."

"Andadan," in ji Bature, ya ture farantin, ya ce a kawo masa kifin gwangwani. Bakari ya ɗauke kazar ya zube wa kare a bayan gida. Zarami bai ga cikinta ba, idonsa ma a lokacin ba ya gani. Ya koma kicin ya zauna a kan turmi.

Bakari mutum ɗaya tak ya gaya wa, a bakin rijiya, kuma sai da ya ce masa kada ya gaya wa kowa. Kafin la'asar zance ya isa kara, kafin magariba ya isa masallaci. Ya bar bariki yana ɗan tsinke, ya isa kasuwa yana cinya guda, ya shiga unguwa yana rabin kaza har da shayi aka kora. Kai, mutane. Da Zarami ya zo shan ruwa a ƙofar masallaci, ba wanda ya ce masa komai, amma wanda ke gefensa ya ɗan janye kwanon kununsa. Wani ya ce, ba da shi yake ba wai, "Wasu dai yau yunwa ba ta wahalar da su ba."

Washegari Malam Kaumi ya aika a kira shi. Bai ɗaga murya ba, bai zage shi ba, da ma ya zage shin da ya fi sauƙi.

"Zarami, maganar da muka yi, a dakata da ita."

"Allah gafarta Malam, a kawo Alƙur'ani in dafa."

"Ba zan sa a dafa Alƙur'ani a kan kaza a watan azumi ba. In ka rantse ka yi gaskiya, ban ƙaru da komai ba sai maganarka da na riga na ji. In kuma ka rantse a kan ƙarya, ni na jefa ka. Baturen nan ya faɗa a gaban shaida, har sau uku aka ce. Me zai ci in ya yi maka ƙage? Shi ko azumin bai sani ba."

Wannan tambayar ita ce shi ma Zarami yake yi wa kansa. Ya tashi ya fita, takalminsa ma a hannu ya riƙe har ya yi nisa.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa tsanani. Yana wuni da yunwa ta gaske, gari kuma na yi masa kallon ƙosasshe. Hankalinsa ya bar kan tukunya, ya shiga barin abinci a wuta har ya kama. Rannan ya kai naman da ya bushe ƙayau, Bature ya taɓa shi da wuƙa ya ce, "Yau kuma obadan." Bakari ya biyo shi kicin ido waje ya ce, "Ka ji ko? Yau uba ya ambata. Zagi ya kai ga mahaifi." Zarami ya ƙudura a ransa da an yi Salla zai ajiye aikin ya bar garin, ya tafi Nguru ko wani wurin da ba a san fuskarsa ba.

Ya daina bi ta tasha don kunya. Amma wata la'asar hanya ta cika da ruwa, dole ya ratsa ta can. Baraka tana bakin kaskonta tana tuyar buɗa-baki. Ta kira shi, ya zo ya tsaya nesa kaɗan.

"Malam Zarami, ka ci ko ba ka ci ba?"

"Ban ci ba."

Ta dube shi irin kallon nan nata, ta juya ƙosanta. "Shi ke nan. Je ka."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ya tafi bai san ko ta yarda ba ko sallamarsa ta yi. Sai daga baya ya ji abin da ta yi. Ta tare Bakari a hanya ta ce ya faɗa mata abin da Bature ya ce, ba abin da yake nufi ba, yadda ya fito daga bakinsa. Bakari ya ce andadan. Ta ce ya sake. Ya sake. Ta ce, "To ina na ɗin ƙarshe?" Ya ce ai Baturen ba ya ƙarasa magana. Ta riƙe kalmar a bakinta kamar goro, duk direban da ya tsaya sayen ƙosai sai ta tambaye shi ko ya taɓa jin ta. Da yawa suka yi mata dariya. Har Allah ya kawo Saje Umara, tsohon soja mai jan babbar mota, wanda ya yi wa wani hafsan Turawa hidima a Bama. Tana faɗa masa ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi. Da ta ba shi labarin duka sai dariyar ta tsaya. Ya ce wa yaran motarsa su sa duwatsu a taya, yau a Potiskum za a kwana.

Aka sake kiran Zarami zauren Malam Kaumi. Ya tarar da Malam a kan buzunsa, ga wani ƙaton mutum mai tabo a goshi a zaune, Baraka kuma tana daga bayan asabari ta cikin gida. Malam ya ce, "Wannan Saje Umara ne. Ya ce yana da magana a kan zancenka. Saje, bismilla."

Umara ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, Baturen nan ba Hausa ya yi ba, yarensu ya yi. Kalma biyu ce suka haɗa. Anda, wato ƙasa-ƙasa, abin da bai kai ba. Dan, wato an gama. In ka haɗa, an yi amma bai kai ba. Ba ɗanye shar ba, wannan da sunansa daban. Abin da ya ga wuta amma bai ƙoshi da ita ba, shi ne andadan. Mu sai mu ce bai nuna ba, ko bai dahu ba. Ni na sha ta a Bama har na gaji, in shinkafa ta yi tsakuwa-tsakuwa ita ce, in dankali ya yi garas-garas ita ce." Ya juyo wajen Zarami. "Kai ba ka ga jini a jikin ƙashin ba?"

"Ban duba ba, Saje. Kare aka ba."

"To obadan fa?" in ji Baraka daga bayan asabari.

"Ƙanwarta ce. Wuta ta yi yawa, abu ya wuce. Ba uban kowa a ciki."

Zarami ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Amma Malam Kaumi bai motsa ba. Ya ja carbinsa ya ce, "Saje, ban ƙaryata ka ba. Sai dai kai ba ka wurin, kuma ni ba na jin yaren nan. In na fita na ce wa jama'a wani direba ya ce kaza da kaza, za su ce an sayo shaida a tasha."

Sai muryar Baraka ta fito a hankali. "Baffa, in ka yarda in yi magana. Ga ƙwan zabi ya cika kasuwa. A dafa biyu a gabanka, ɗaya ya dahu, ɗaya a tsoma shi kawai a cire. Ka riƙe su a hannunka har gaban Baturen. Ƙwai dai ba a ɗanɗana shi ta cikin ɓawo. In ya fasa ya faɗi kalmar, ka ga ba ɗanɗano take nufi ba."

Malam ya dubi asabarin. Wannan fa mutum ne da ya tsufa bai taka bariki ba. Ya ce, "A kawo ƙwan gobe da hantsi. Saje, kada ka yi masa yarensu sai ya fasa."

Haka aka yi. Rana na tsaka sai ga Malam Kaumi da lemarsa, ya tattare riga saboda caɓi, ƙwai biyu a aljihu, Umara da Zarami na biye. Wasu 'yan unguwa suka biyo su daga nesa suka tsaya a bakin shinge. Mai Allura ya fito baranda, ya ga dattijo mai rawani, ya yi murna ya samu wanda zai gwada Hausarsa a kai. Aka gaisa. Malam ya fito da ƙwan ya ajiye a faranti da hannunsa, ya ce tsaraba ce, yana so a fasa a gabansa. Bature ya ɗauka wata al'ada ce da bai karanta ba tukuna. Ya fasa na farko, ya ɓare, ya ce, "Da kyau. Madal." Ya ɗauki na biyu ya ƙwanƙwasa a bakin faranti. Ƙwan zabi da taurin ɓawo, sai da ya ƙara ƙarfi, ai kuwa ya fashe ya dalalo masa a yatsu, fari da gwaiduwa duka.

Ya ɗaga hannu yana dariya. "A'a, Malam. Wannan andadan. Andadan sosai."

Malam Kaumi ya rufe ido. Bakari, da ke tsaye da tawul a kafaɗa, ya buɗe baki ya kasa rufewa. Sai a lokacin Umara ya ƙame ya juya harshe, ya kwashe labarin duka ya gaya wa Baturen. Fuskar Mai Allura ta yi ja har kunne. Ya miƙe tsaye, hannunsa na ɗigar ƙwai, ya ce, "Zarami bai ci ba. Zarami, yi haƙur."

"Haƙuri," in ji Bakari, don sabo.

Malam bai yi dariya ba. Ya juyo ya dubi Zarami ya ce, "Abu ɗaya ya rage mini. An ce tunda ka kama aikin nan ba a taɓa mai do maka da abinci ba. Me ya sa rannan kazarka ba ta nuna ba?"

Zarami ya ce, "Allah gafarta Malam, itacen a jiƙe yake, waje ya yi ja ciki bai ji ba. Da ba azumi, da na tsinka na tauna na gane. To, ban tauna ba."

Da tsohon ya yi magana muryarsa ta sauya. "Ashe kalmar da na kore ka da ita, ita ce shaidar azuminka. Da ka ɗanɗana, da kazar ta nuna, da ba wanda ya ji komai." Ya juya wajen mutanen da ke bakin shinge don su ji. "Ni ne na yi ɗanyen hukunci. Zarami, ka yafe mini."

Zarami ya durƙusa a kan sumuntin barandar. Sai hawaye. Umara ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi, ya ce, "Tashi, kuku. Daga yau in azumi ya ɗaure maka baki, soka wuƙa a cinya. In ruwan da ya fito fari ne ta yi, in da ja-ja mai da ta." Yana gama faɗa ya yi sallama ya nufi tasha, don ya riga ya ɓata wuni guda a kan mutumin da bai taɓa gani ba.

Bayan Salla aka ɗaura aure, Malam Kaumi da kansa ya yi walicci. Bakin Bakari da ya yaɗa ɓarna shi ya yaɗa gyara, don bai bar rumfa ko rijiya ba sai da ya kai labarin ƙwai, yana yi yana kwaikwayon Bature. A nan sunan ya kama Zarami. Bai taɓa jin haushinsa ba, in an kira shi da shi har wani daɗi yake ji.

Kalmar kuwa ba ta gama ba shi mamaki ba. Ana nan wata rana Mai Allura ya yi baƙi, aka sayo tsokar baya ta sa, ya leƙo kicin ya ce, "Zarami, yau ina so andadan." Zarami ya zaci gatse ne. Ashe da gaske yake, naman shanu sun fi son sa da jini-jini a tsakiya. Abin da ya zama laifi a kaza ya zama gwaninta a sa. Ya gasa musu yadda suke so yana kau da kai, suka cinye suna yabo. Ya dawo gida ya ce wa Baraka, "Mutanen nan sai Allah. Kalma ɗaya, jiya faɗa yau roƙo." Ta ce, "To ka riƙa tambaya wanne ake nufi, kafin ka sake haɗa kayan tafiya Nguru."

Ya yi wa Turawa uku aiki bayan Mai Allura, da suka fara naɗe kayansu ya koma tukubar ubansa a kara. Kalmar ta bi shi can, ta shiga bakin mahauta da dillalai. Cinikin da aka tashi ba a ƙulla ba andadan ne, ginin da aka yi wa rufi tun bai bushe ba andadan ne. In aka kawo wa Zarami gulmar wani, yakan ce, "Wannan zancen andadan ne, a mai da shi wuta." Duk motar da ta tsaya kuma sai ya tambayi labarin Saje Umara, in an ce yana gari, tsire mafi kyau nasa ne, ba a kuma yi masa maganar biya. Bai fasa sa shi a addu'a ba, shi da Malam Kaumi da ya tako caɓi da tsufansa. Har jiƙaƙƙen itacen nan yakan ce ya gode masa.

Amma in ana zancen godiya a gabansa, ba ya ambaton Baraka, sai dai ya dubi ƙofar gida. Ita ma ba ta taɓa tada zancen ba. Abin da take yi kawai, duk shekara in azumi ya raba tsakiya, sai ya tarar da ƙwai biyu a gefen kwanon kununsa. Da azumi ya bar damina zabi suka daina ƙwai, ta koma na kaza. Ɗaya dafaffe, ɗaya an tsoma an cire. Zarami kuwa duk duniya ba abin da ya ƙi jini kamar ƙarnin ɗanyen ƙwai, kuma ta sani sarai. 'Ya'yansu kan zagaye shi suna jira su ga yadda zai yi da fuska. Yakan ba su dafaffen su raba, ya fasa ɗayan a baki ya shanye tas, ya goge gemu ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya ɗaga murya yadda za ta ji daga madafa.

"Baraka, na ci."

Ita kuma ta amsa daga can, ba ta ko juyo ba. "Shi ke nan. Zauna."